Yatsan da Ya Nuna Yamma

Zan faɗi ƙarshen tun yanzu, don ba na son mai ba da labari ya riƙa ja wa mutane rai. Balan-balan goma sha biyu na Shiraishi-sensei ba su tashi a banza ba. Sai dai ba ni na tsirar da su ba, kuma dalilin da ya sa na zauna rubutu ke nan.

Sunana Inomata Genzo. Shekara talatin da ɗaya na yi ina gyaran wayoyin sigina a layin dogo, a arewacin Japan. Ban wuce sakandare ba. Abin da na sani na lantarki da rediyo, a littattafan gwanjo na koya, da kuma a wutar da ta ja ni sau da yawa. Ina da shekara hamsin da huɗu aka ɗauke ni cikin mutum talatin da za su yi hunturu a tasharmu ta bincike a Antaktika, can ƙarshen kudancin duniya, aka damƙa mini duk wata waya da ke wurin.

A layin dogo an koya mana abu guda: kada ka yarda da idonka shi kaɗai. Ka nuna abu da yatsa, ka kira sunansa da ƙarfi, sannan ka taɓa shi. Na tafi da wannan ɗabi'a har ƙarshen duniya, kuma ban ɓoye wa kowa ba cewa wanda ba ya yin haka sakarci yake yi da rayukan mutane. Na faɗa wa injiniyoyi, na faɗa wa likita, na faɗa wa masu digiri uku-uku. Ba a so ni sosai ba, ban kuma damu ba.

Wanda ya fi kowa samun abin dariya a nan shi ne Tobita, kukun tasha. Ƙato ne, mai furfura a gemu, yana waƙa yana girki, ba ya awo, ba ya rubuta suna a jikin gwangwanayensa. Shi ya raɗa mini suna Yatsa-sensei, wato Malam Yatsa, alhali ya san ban taɓa koyar da kowa ba. In na zo da farantina sai ya miƙe ƙyam, ya nuna tukunya da ludayi.

"Shinkafa, daidai! Miya, daidai! Fuskar Yatsa-sensei a murtuke, daidai!"

Mutane su yi ta ƙyalƙyala. Ni kuwa in ɗauki abincina in wuce. A raina na riga na yanke masa hukunci: mutumin kirki ne wataƙila, amma ba wanda za a ba wa amanar aiki ba.

Radar Shiraishi-sensei, na'urarta ta leƙen sama, tana bayan tasha, tafiyar minti ashirin. Eriya ɗaya ce mai aika saƙo sama, biyar masu saurare, ɗaya a tsakiya, sauran a gabas da yamma da kudu da arewa. Kullum dubban 'yan tsakuwoyi suna faɗowa daga sararin sama su ƙone a nisan kilomita tamanin zuwa casa'in sama da kanmu, kowace ta bar wani siririn zare da ido ba ya gani. Iskar can sama ta ja zaren, radar ta ga inda aka ja shi. Da haka Shiraishi take sanin inda iskar ta dosa a wurin da tsuntsu bai taɓa zuwa ba. Amma duk wannan ilimi yana rataye ne a kan abu guda, wato wayar gabas ta shiga ramin gabas, ta yamma ta shiga na yamma. In aka musanya su, na'ura ba za ta yi ƙorafi ba. Za ta ci gaba da aiki lafiya lau, tana nuna maka sama a juye.

Shiraishi Kaede mace ce 'yar shekara talatin da huɗu, ba ta da yawan magana. Ta bar miji da 'yarta ƙarama a Sendai saboda abu ɗaya: tana so ta ga yadda iskar hunturu take juyawa, daga can ƙololuwa har ta sauko ƙasa-ƙasa. Radar tana ganin saman. Na ƙasan kuwa sai da balan-balan masu ɗauke da na'urori na musamman, kuma goma sha biyu kacal aka ba ta. Jirgin ruwan da ya kawo mu ba zai dawo ba sai Disamba. In ta sake su a lokacin da bai dace ba, shekararta ta tafi.

A farkon Satumba aka yi guguwar ƙanƙara ta kwana uku. Nauyin dusar ƙanƙarar da ta taru ya zame, ya datse wayoyi biyu da ke kwance a rami ɗaya, ta gabas da ta yamma. Radar ta yi shiru kwana huɗu. Da gari ya lafa na shirya zuwa gyara. Doka ce ba a fita nesa mutum ɗaya, kuma kowa yana can yana tono tankunan mai. Kanamori-san, shugaban tasha, ya duba ya ga babu wanda ya rage sai kuku.

"Tafi da Tobita," in ji shi.

"Shugaba, aikin waya ne fa."

"Ai ba dafa ta zai yi ba, Gen-san. Riƙe maka kaya kawai."

Muka yi tono har ramin ya shanye tsayina. Na sami bakin wayoyi huɗu. Biyun da suka fito daga ɗakin na'ura suna da lamba a jiki. Biyun da suka fito daga eriya kuwa lambobinsu sun tsinke, kuma kamarsu ɗaya. Hanyar gane su mai sauƙi ce. Mutum ya je gindin eriyar gabas ya maƙala wani ɗan guntun ƙarfe, ni in auna da mitar lantarki a cikin rami, wayar da allura ta motsa a kanta ita ce ta gabas. Tutocin da ke nuna kowace eriya guguwa ta kwashe su. Na hau tsani na leƙo bakin rami. Tsakar rana ce. Na fuskanci rana, na miƙa hannu.

"Gabas, daidai! Je ka maƙala wannan a gindinta."

Na ba shi ƙarfen na koma ƙasa. Can ya kira ni ta oba-oba cewa ya maƙala, yana ƙorafin gemunsa ya daskare. Allura ta motsa. Na haɗa, na naɗe, muka mayar da dusa muka rufe. Radar ta farfaɗo da yamma. Na ci abincin dare da girman kai irin na wanda ya yi aiki mai kyau.

Kwana biyu bayan haka, ranar Talata, ana cin abincin rana, Shiraishi ta zo ta zauna kusa da ni da takarda a hannu. Ba ta taɓa shinkafarta ba.

"Inomata-san, dubi wannan."

Layi ne a kan takarda. Kafin guguwa yana sama, sai giɓin kwana huɗu, sai ya ɓullo a ƙasa.

"Duk hunturun nan iskar gabas take dosa," in ji ta. "Daga ranar da ka gyara, yamma ta dosa. Ƙarfinta kusan ɗaya, fuska kawai ta juya. Ta kudu da arewa ba ta canja ba."

"To?"

"To ko dai iskar ta juya da gaske, makonni da yawa kafin lokacinta, wanda abu ne da mutum zai iya ƙare rayuwar aikinsa bai gani ba a wannan gefe na duniya. In haka ne, ranar farko da gari ya yi kyau dole in fara sakin balan-balan, don abin yana sauka ne cikin 'yan kwanaki ya wuce. Ko kuma..."

Ba ta ƙarasa ba. Tarbiyya ce ta hana ta.

"Ko kuma na musanya wayoyi," na ce.

"Ba zarginka nake yi ba. Tambaya ɗaya ce. Ka tabbata?"

Bakina ya riga ya buɗe zai ce ƙwarai kuwa. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa haɗa waya a juye ba. Sai hoton kaina ya zo mini, a kan tsani, fuskata ga rana, hannuna a miƙe. Wane hannu? A gida, in ka fuskanci rana da tsakar rana, kudu kake kallo, gabas tana hagunka. Na yi wannan a gefen layin dogo sau dubbai, har ba na bukatar tunani. A nan kuwa rana ta arewa take bi. Ka fuskance ta, gabas tana damanka. Na san haka sarai, tun a jirgin ruwa aka faɗa mana, har na yi wa wani matashin injiniya faɗa a kai. Amma kaina ne ya sani. Ban san ko hannuna ya ji labari ba.

Na ajiye tsinken cin abincina.

"Ban tabbata ba, sensei."

Na faɗa mata komai, ban rage ba. Duk wanda ya taɓa yi wa mutane wa'azi a kan sakaci, sannan ya tsaya gabansu ya ce bai san da wane hannu ya nuna ba, ya san yadda abin yake.

Shiraishi ta juya wajen tagar kicin. "Tobita-san, kai ka je gindin eriyar. Wacce ka je?"

"Gabas mana," in ji shi, yana goge hannu. "Ba gabas aka ce ba?"

A nan na yi abin da ya fi kuskuren wayar muni. Kunya ta cika ni, na nemi inda zan sauke ta.

"Gabas ta wa?" na ce. "Sanduna biyar iri ɗaya, babu tuta, tabarau ɗinka duk ƙanƙara. Inda na nuna ka bi, me ka sani? Mutumin da ba ya tuna ko ya zuba gishiri a miya ne za a rataya aikin shekara a kan maganarsa?"

Tobita ya dube ni. Bai yi dariya ba, karo na farko tun da na san shi.

"Shi ke nan, sensei," ya ce, ya ja tagar ya rufe.

Da yammacin ranar wata guguwar ta taso. Kanamori-san ya sanar ta lasifika cewa an hana fita, ko zuwa ginin da ke kusa sai da igiya da izini. Ramin da muka rufe yana can dusa tana ƙara hawa kansa. Shiraishi ta aika tambaya ga wata tasha mai irin radarmu, nisan fiye da kilomita dubu, aka ce tasu ma guguwa ta kwantar da ita tun makon jiya. Masu hasashen yanayi suka ce ranar Juma'a za a sami sarari na yini ɗaya ko biyu. Da dusar da ta ƙaru yanzu, tono ramin kaɗai zai ci yini biyu da mutum shida, kuma na'urar gwajin da ta dace da wannan aiki batirinta ba ya minti uku a sanyin waje.

Na same ta a ɗakin aikinta ranar Laraba, ta jera akwatunan balan-balan a kan benci tana kallonsu. Hoton 'yarta yana jingine da kwamfuta.

"In na sake su, abin ya zama waya ce, juyawar gaske za ta zo a ƙarshen Oktoba ba ni da ko ɗaya," ta ce. "In na riƙe su, abin ya zama gaske, na zauna ina kallo ya wuce ta kaina. Inomata-san, ko kashi nawa cikin ɗari za ka ba ni?"

"Ba zan ba ki lamba ba. Duk lambar da na faɗa ƙirƙirarta na yi don hankalinki ya kwanta, ni kuma in fita kunya. Ba na sayar da irin wannan kaya."

Ta yi ɗan murmushi. "Da ka yi mini ƙarya da na fi jin daɗin yau."

"Da kin fi jin haushin Oktoba."

Ranar Alhamis da safe aka ce soket ɗin tukunyar shinkafa yana zafi, na shiga kicin da jakata. Tobita ya juya mini baya ya ci gaba da aikinsa, ni ma na kama nawa. Ina durƙushe a bayan kanta, ƙaramar rediyonsa tana kan allon ajiye kaya tana kawo sanarwar safe ta tasha. Ya ɗauki doguwar laitar da yake kunna murhun gas da ita, ya danna. Ƙyas. Rediyon ta yi ƙarar tartsatsi. Murhun bai kama ba, ya sake dannawa. Rediyon ta sake yi.

Na daina abin da nake yi. Tartsatsin wuta, komai ƙanƙantarsa, yana watsa hayaniya da duk wata eriya da ke kusa za ta ji. Na san wannan tun ina saurayi, lokacin da babur ɗin maƙwabcinmu yake lalata mini sauraron rediyo. In aka kashe mai aika saƙo, aka bar masu saurare biyar a kunne, mutum ya tsaya a gindin eriya ɗaya ya danna wannan laita, layin wannan eriyar zai yi tsalle a allon Shiraishi fiye da sauran. Babu tono, babu batir.

Sai dai laitar ta Tobita ce, kuma ita kaɗai ce irinta a tasha.

Na miƙe. Na fi minti ɗaya ina goge sukundireba wanda ba shi da datti.

"Tobita-san. Ina son aron laitar nan gobe."

"Wannan?" Ya ɗaga ta yana juyawa. "Ba ta da lamba a jiki fa, sensei. Ba a rubuta mata suna ba. Ka tabbata laita ce? Kada ka je can ka tarar ludayi ne."

"Ina roƙonka ne."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ba na ba da aronta. Inda za ta, ƙafata ƙafarta."

Juma'a ta waye tas. Iska ta kwanta, sanyi ya kai digiri talatin da biyu ƙasa da sifiri, sama shuɗiya har tana sa ido ƙwalla. Tobita ya ɗora tukunyar kari, miyar kori da muke ci da shinkafa, tun da sassafe, don a tasha ba a tsallake karin Juma'a, da shi muke gane mako ya zagayo. Ya bar wa likita amanar juyawa. Shiraishi ta shiga ɗakin na'ura ta kashe mai aika saƙo. Mu biyu muka ƙarasa filin eriya, dusa tana ƙara a ƙarƙashin takalmanmu kamar ana tauna ƙashi.

Inda ramin yake babu alamarsa. Na tsaya daidai wurin. Tsakar rana ta kusa, kamar wancan karo. Na ce wa kaina bari in ga abin da jikina zai yi in na sake masa linzami. Na fuskanci rana, na daina tunani, na buɗe baki.

"Gabas..."

Hannun hagu ne ya tashi. Ya miƙe sambal, yatsa a gaba, da cikakken tabbaci, yana nuna teku da manyan duwatsun ƙanƙara da ke daskare a cikinsa. Yamma ke nan. Gabas tana can damana, inda babbar ƙasa take tashi fara fat har ta haɗe da sama.

Na tsaya da hannu a sama kamar sandar sigina.

"Haka ka yi rannan ma," in ji Tobita a bayana. "Sak."

"Ka gani?"

"Da idona."

To magana ta ƙare, na ce a raina. Na musanya. Aƙalla za ta riƙe balan-balan ɗinta. Na danna oba-oba.

"Sensei, hannuna ya nuna yamma. Ki shirya jin labari marar daɗi. Za mu gwada duk da haka."

"Ina kallo," ta ce. Muryarta ba ta nuna komai ba.

Muka taka zuwa eriyar da ke ɓangaren babbar ƙasa, gabas ta gaskiya. Tobita ya cire babbar safar hannunsa, ya zaro laitar daga cikin rigarsa inda ya ɓoye ta don ta yi ɗumi, ya kai ta dab da ƙarfen. Ƙyas. Ƙyas. Ƙyas.

Na kai oba-oba kunnena.

"Sake," in ji Shiraishi.

Ƙyas. Ƙyas.

"Kuna ina yanzu? Ku faɗa mini abin da kuke gani, kada ku ce mini gabas ko yamma."

"Babbar ƙasa tana gabanmu," na ce. "Teku yana bayanmu. Tasha tana can hagu."

"Layin gabas ne ke tsalle."

"Ki sake dubawa."

"Inomata-san, na duba sau uku. Gabas ce. Ku je ɗayar."

Muka tsallaka filin, Tobita yana haki yana zagin takalmansa. A gindin eriyar ɓangaren teku ya danna sau biyar.

"Yamma!" Wannan karon ihu ta yi, matar da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. "Yamma ce! Wayoyin daidai suke! Iskar ce, da gaske iskar ce ta juya!"

Ban san lokacin da na zauna a kan dusa ba. Numfashin da na riƙe tun ranar Talata ya fita gaba ɗaya, ya daskare a gashin bakina. Sama ta yi mini faɗi. Na ɗaga kai ina kallonta, babu ko gajimare, babu abin da ke motsi, amma can kilomita casa'in sama da mu iska tana gudu ta koma yamma, kuma ba ni na juya ta ba.

Da na dawo hayyacina na dubi Tobita. Yana mayar da safar hannu.

"Yaya aka yi? Na nuna yamma."

"Ka nuna yamma, bakinka ya ce gabas. Sai na bi bakin."

"Ta yaya ka san inda take? Babu tuta."

Ya yi tsaki. "Gen-san, shekara goma sha tara na yi ina girki a jiragen kamun kifin tuna. Kudu da Afirka, kudu da Tasmaniya, wata goma a teku kowace shekara. Tagar kicin ɗina rana ta arewa take shigo mata. Ni in na koma gida Kesennuma ne ma nake rikicewa, matata tana yi mini dariya wai na shanya kaya a inuwa. Ka ce gabas, na ga yatsanka yana kallon teku, na ce tsohon nan sanyi ya taɓa shi, na tafi gabas."

"Me ya hana ka faɗa mini a lokacin?"

"Ka riga ka shige rami. Kuma kai ana faɗa maka magana?" Ya kaɗe dusa daga gwiwarsa. "Ranar Talata na faɗa. Ka ce ban san gishiri ba."

Wata takwas ina cin abincin mutumin nan sau uku a rana, ban taɓa tambayarsa inda ya fito ba. Na ga ba ya nuna abu da yatsa, na rufe littafinsa.

Ya miƙo mini hannu ya ɗaga ni. "Tashi, kada gindinka ya manne, a ce sai an kira kuku ya ɓamɓare ka."

Ƙarfe biyu da rabi muka saki balan-balan na farko. Shiraishi ta ce ni zan riƙe balan-balan ɗin, ita ta riƙe na'urar, Tobita ya tsaya gefe da cokali a aljihu yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Na sake shi ya tafi, fari, yana jan akwatinsa, ya ƙanƙance har ya ɓace. Cikin kwana goma sha shida ta saki sauran, duk ranar da iska ta bari. Tun daga na huɗu suka fara nuna mata abin da radar ta riga ta gani, yana saukowa hawa-hawa. Ban fahimci rabin lissafinta ba, kuma ba zan yi kamar na fahimta ba. Na dai ga ta koma cin shinkafarta har tana neman ƙari.

Ranar Juma'ar da muka yi gwajin, da dare, kafin a fara cin kari, na miƙe tsaye. A gaban mutum talatin na ci mutuncinsa, don haka a gaban mutum talatin zan biya. Wanda ya yi zagi a fili ya je ya ba da haƙuri a lungu, rabin bashin kawai ya sauke.

"Ranar gyara na nuna yamma na kira ta gabas," na ce. "Tobita-san ne ya gyara kuskurena ba tare da na sani ba. Ranar Talata ya faɗi gaskiya na wulaƙanta shi. Na yi laifi biyu, na biyun ya fi girma." Na juya wajen tagar kicin na sunkuya, na daɗe a sunkuye.

Sai na ji ƙarar ludayi a bakin tukunya.

"Yatsa-sensei ya sunkuya, daidai!" in ji Tobita. "Ƙeyarsa babu gashi, daidai! Ku zo ku ci kafin ya huce!"

Aka fashe da dariya, har Kanamori-san yana share hawaye. Ban daina nuna abu da yatsa ba, kuma ba zan daina ba, don da ban kira sunan da ƙarfi ba da Tobita bai ji abin da zai bi ba. Amma washegari na je na ɗaura wa kowace eriya farantin ƙarfe mai sunanta, wanda guguwa ba za ta iya ɗauka ba, kuma kafin in ɗaure kowanne sai na tambayi Tobita ta oba-oba.

Karin ranar ya yi daɗi ƙwarai, na ci faranti biyu. Gishirinsa dai ya ɗan yi kaɗan, kuma na faɗa masa.